Azumin da Bilal Ya Gwada Gwiwarsa

Azumin bana ya zo da zafi. Jiya bayan la'asar ina zaune a zaurena nan Gusau, babu wuta, fanka ta tsaya cak, sai maƙwabcina ya leƙo yana fifita da guntun kwali. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin rana irin wannan ba. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa. Na ce masa, “Alhaji, ni na yi azumi a garin da ruwan famfo ke ƙona hannu, kuma kullum sai mun yi tsere kafin a sha ruwa.” Ya ce, “Tsere? Da azumi a baki?” Na ce ya samu wuri ya zauna.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da arzikin mai ya buɗe wa Saudiyya. Ina saurayi, ina tuƙa tankar ruwa a wani kamfanin gine-gine a Riyad. Garin a lokacin ba ka jin komai sai ƙarar inji da warin siminti. Hanyar da ka bi da safe, in ka dawo da yamma sai ka tarar an haƙe ta an kafa ƙarafa. Mu uku muke zaune a ɗaki guda a saman wani gida a unguwar Malaz: ni, da Yaya Mamman, magini ne daga Damagaram wanda ya girme ni da kusan shekara goma, da Ustaz Habu, ɗan Zariya mai karatun shari'a a jami'a, wanda hutu ya same shi bai je gida ba.

Azumin shekarar a tsakiyar bazararsu ya faɗo. Da an sallame asuba muke fita aiki, a tashi da azahar. Kafin hantsi sitiyarin mota ya yi zafin da sai na naɗe hannu da tsumma. Ka duba wahalar mai tanka: ruwa yana ɓulɓula a bayanka wuni guda, kana fesa shi a kan yashi da bulo, kana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar farkon damina a gida, amma ko ɗigo ba naka ba ne. In mun koma ɗaki sai mu jiƙa zanen gado mu lulluɓa, kafin ka juya sau biyu ya bushe ƙayau. Kowa da aikinsa. Yaya Mamman ke girki. Ustaz ke dama kunun tsamiya da garin geron da wani alhaji ya kawo mana, muna tattalinsa kamar magani. Ni kuwa, da yake ina da mota, ni ke zuwa kasuwar Aziziya sayo tumatir da albasa da kankana, in biya in bi layin ƙanƙara. Layin nan ya fi komai tsanani. Wata rana ka samu rabin dunƙule, wata rana ka tsaya awa guda a rana mai sayarwa ya ɗaga hannu ya ce, “Khalas!” wato ta ƙare.

Ran biyu ga azumi na haɗu da Bilal. Na san shi da gani, shi ne mai kula da manyan injinan share ƙasa. Baƙin Ba'amurke ne, ba shi da tsawo can, amma wuyansa da kafaɗunsa kamar na ɗan dambe. Na tarar da shi ya fake a inuwar tankata, leɓunansa sun tsage. Ya dube ni ya ce da gurgun Larabci, “Akhi,” wato ɗan'uwana, “kana azumi?” Na amsa masa da Turancin da na kwaso a sakandare. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce bai fi shekara biyu da musulunta ba, kuma a gidajen kamfani inda yake kwana shi kaɗai ke azumi, jiya da abincin gwangwani ya sha ruwa, a tsaye. Na ce, “Haba! Yau a wajenmu za ka sha ruwa.”

Ya zo kuwa. Muka shimfiɗa tabarma a kan soro, aka jera dabino da kunu da kankana, muna sauraron igwa, don a lokacin igwa ake bugawa in rana ta faɗi. Da ta tashi, dum, Bilal ya kafa kai a kofin kunu bai ɗago ba sai da ya ga gindinsa. Ya sha uku. Tuwon shinkafa da miyar kuka ne ya ɗan tsaya yana kallo, ganin miyar tana bin hannu, daga baya ya naɗe hannun riga ya shiga.

Yaya Mamman ne ya lura ba ya iya lanƙwashe ƙafarsa ta hagu sosai. Ya ce da ni, “Lawwali, tambaye shi, mota ce ta buge shi?”

Bilal ya janye wando ya nuna mana. Wani tabo ne dogo a gefen gwiwa, da sawun ɗinki reras. Ya ce, “Ba mota ba ce. Mutum ne. Amma da kaɗan mota ta fi shi nauyi.”

Daga nan labari ya ɓalle, kuma kusan mako guda muna shan sa tsakanin magariba da isha, ni ina fassara. Ashe ɗan ƙwallo ne, amma ba irin tamu ba. Tasu da hannu ake jefa ta, ana sa hular kwano da matashi a kafaɗa, a yi ta karo kamar raguna. Ya ce aikinsa a fili sunansa kwanabak. Na ce wa Yaya Mamman ma'anarsa mai tsaron kwana. Yaya Mamman ya gyaɗa kai ya ce, “Allah sarki, ashe maigadi ne.” Da na bayyana wa Bilal sai da ya kwanta a tabarma don dariya. Ya ce kwanar fili ake nufi, can gefe. Abokan hamayya za su turo wanda ya fi kowa gudu a cikinsu don ya je ya cafe ƙwallo, shi kuma nasa shi ne ya manne masa ya hana. “Shi ya san inda zai je, ni ban sani ba. Shi yana gudu da gaba, ni ina farawa da baya. In na yi daidai wuni guda ba wanda zai kula. In na yi kuskure sau ɗaya, duk filin sun gani.”

A kudancin ƙasarsu aka haife shi, uwarsa tana wanki da guga a gidajen mutane. Gudu ne ya kai shi jami'a, aka ɗauke masa kuɗin makaranta don ya buga musu. Shekarar farko a benci ya ƙare ta, yana kuka a ɗaki, har ya haɗa jaka zai gudu gida kocinsu ya tare shi a tashar mota. A shekara ta uku, a wani wasa da babbar abokiyar gabarsu, ana tsuga ruwan sama, ya shiga gaban mutum ya cafe ƙwallon da ba shi aka jefa wa ba, ya juya da ita tun daga wannan ƙarshen fili har wancan. Da yake ba mu wannan labarin miƙewa ya yi a kan soro yana nuna mana yadda ya kauce wa wannan, ya tsallake wancan, har ya yi fatali da butar Ustaz. Bayan ya gama karatu wata ƙungiyar ƙwararru ta zaɓe shi. Gidansu babu waya, a gidan maƙwabta aka kira, uwarsa ta fito titi da dutsen guga a hannu tana ihu.

Garin da ya je can arewa ne, mai sanyi. Shekara uku yana bugawa. A ta huɗu, a kan fili mai ƙanƙara, ya kafa ƙafa zai juya wani ƙato ya faɗo masa ta gefe. Ya ce ya ji ƙarar kamar an karya rake. Aka yi masa aiki, ya yi jinya, ya koma sansanin horo. Wata safiya wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce koci na kira, ya taho da littafin dabarunsu. “In aka ce ka zo da littafin, an sallame ka ke nan.” A wannan zaman banzan ne wani mai aski a unguwarsu ya fara jan shi zuwa masallaci. Daga baya ya samu aikin Riyad.

Ran goma ga wata ya zo shan ruwa da takarda a hannu. Wayar tangaraho ce daga kocin nan da ya tare shi a tasha, wanda yanzu yake aiki da wata ƙungiyar ƙwararru. Ɗan wasansu ya ji rauni. In gwiwar Bilal ta warke, ya zo ƙarshen wata a gwada shi.

Muka hau murna, shi kuwa bai taya mu ba. Ya ce ya riga ya ga mudir, shugaban kamfani, wanda fasfo ɗinsa ke hannunsa. Mudir ya ce zai sake shi, amma fita ce ta har abada, babu dawowa. In ya je gwiwa ta ƙi, ya rasa can ya rasa nan, ga uwa da ƙanwa da yake riƙewa. Ya ce, “Shekara biyu ban juya a kan ƙafar nan da ƙarfi ba. Ban san abin da ke cikinta ba.” Sai ya juya ga Ustaz ya tambaya ko zai iya ajiye azumi don ya yi horo.

Ustaz Habu ya ce, “Akhi, ba ka da ciwo, ba ka kan tafiya. Ban ga hanya ba. Amma azumi bai hana gudu ba. Ka nemi lokacin da ruwa ya kusa.”

Haka muka tsayar: rabin awa kafin igwa. Washegari Bilal ya hau gireda da kansa ya daidaita wani fili a bayan wurin aikinmu, muka ja layuka da farar ƙasa. Ya fito da ƙwallonsa daga jaka, mai tsini biyu kamar gwanda. Saura mai gudu da mai jifa. Na ce ni na taɓa yi wa makarantarmu gudun mita ɗari a Sakkwato, kuma ba a cika wuce ni ba. Jifa kuwa, ai duk wurin aikin an san Yaya Mamman. Yana ƙasa zai wurga bulo hawa na biyu ya sauka a tafin hannun mutum kamar an miƙa masa.

Jifan farko ƙwallon ta yi ta wuntsila-gudi-gudi ta faɗi can wajen tarin yashi. Yaya Mamman ya ce, “Wannan aba ba ta da tarbiyya.” Bilal ya jera masa yatsu a kan ɗinkinta, ya nuna masa yadda ake sakinta. Kwana uku, wallahi kwana uku kacal, sai ga ta tana tafiya tana murzawa a iska, tana shiga hannuna da zafi. Bilal ya riƙe kai ya ce, “Ina ka ɓoye shekara ashirin?”

Ban taɓa jin daɗin wahala irin wannan ba. Rana ta yi ja, ƙasa tana huci ta cikin takalmi. Ni da Yaya Mamman mu raɗa wa juna inda zan bi. In tsaya a layi, Bilal a gabana ya duƙa, idonsa a kan ƙuguna, don ya ce ba ya kallon fuskar mutum, ƙugu ne ke nuna inda za a juya. In fyalla, shi yana ja da baya da sauri kamar ana janye shi da igiya, in karya kwana, in waiga, sai in ga hannu ya ɓullo ta kan kafaɗata ya doke ƙwallon. Bayan gudu biyar harshena ya zama kamar kilishi. Miyau ya ƙafe, ido yana ganin taurari, kunne yana ƙara. Ustaz yana gefe da agogo da tulun ruwa ya naɗe shi da buhu, yana cewa, “Saura minti bakwai, ku ji tsoron Allah!” Kafin mako ya zagayo mun yi 'yan kallo. Leburori 'yan Yaman da Sudan da Pakistan suka riƙa zuwa da ƙunshin dabinonsu suna zama a kan bulo, suna ihu, “Yalla! Yalla!” Rabi nawa, rabi na Bilal.

A kwanakin farko ina cafewa fiye da yadda yake so. In ya zo juyawa ta hagu sai ya ɗan yi jinkiri, kamar mai taka ƙaya. Wajen sha bakwai ga wata kuma gwiwar ta kumbura tim. Ranar wata iska mai zafi ta wuni tana busawa, famfon unguwarmu ya ɗauke, da ƙyar na samo ƙanƙara da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Mun wuni muna mafarkinta. Aka ajiye ta a kwano a tsakiyar tabarma, ga Bilal ya miƙe ƙafa yana cije leɓe. Yaya Mamman ya dubi ƙanƙara, ya dubi gwiwa. Sai ya ɗauka ya naɗe a rawaninsa ya ɗora masa.

Bilal ya ce, “A'a, a'a, ku sha!”

Yaya Mamman ya ce, “Lawwali, gaya masa mu mun saba da shayi.”

Ruwan da muka sha ranar kamar an sauke shi daga murhu. Haka muka yi har kwana huɗu, duk ƙanƙarar da na samo gwiwa ke shanye ta. Kumburi ya sace. Da muka koma fili sai na ga mutumin ya canza, jinkirin nan ya ragu.

Ran ashirin da biyar ya ce gobe zai ba mudir amsa, don haka yau za a yi ta ta ƙare. Jifa goma. In na cafe fiye da uku, ya haƙura ya zauna. Labari ya bazu, filin ya cika, har masu manyan motoci suka jera su suka hau kai.

Ni kuwa zuciyata ta rabu. Ina son mutumin nan ya tafi. Jifan farko na ɗan rage gudu, ya doke. Na biyu na karya kwana a sanyaye, ya doke. Sai ya ɗauki ƙwallon ya tako har gabana, numfashinsa yana dukan fuskata. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

Ya ce, “Akhi, me kake yi?”

Na ce, “Gudu nake.”

Ya ce, “Ƙarya kake, da azumi a bakinka. Waɗanda zan tarar a can ba za su tausaya mini ba. In ƙafar nan za ta karye, gara ta karye a nan gabanku. A sake daga farko.”

Kunya ta rufe ni. Na koma wajen Yaya Mamman, ya ce a hankali, “Ka ba shi haƙƙinsa, ƙanena.”

To, na ba shi. Na yi gudun da ban taɓa yi ba ko a makaranta. Na farko na cafe, wurin ya ɗauki ihu. Ya doke biyu a jere. Na huɗu na yi kamar zan tsaya na wuce shi, ta faɗo mini a ƙirji. Ya doke, ya sake dokewa. Na bakwai na yi nutso na kamo ta dab da ƙasa, gwiwar hannuna ta saɓule. Uku ke nan, saura jifa uku, in na ƙara ɗaya magana ta ƙare. Na takwas ya taɓa ta da ɗan yatsa. Na tara muka yi tsalle tare muka zube tare, ƙwallon ta yi nata wuri. Ustaz ya ɗaga agogo ya ce saura minti biyu.

Na raɗa wa Yaya Mamman cewa zan kai shi inda ba ya so. Na miƙe a guje kamar zan wuce har ƙarshen fili, ya juya yana bi na kafaɗa da kafaɗa, sai na taka birki na karya ta wajen da dole ya kafa ƙafar hagu. Na waiga, ga ƙwallo tafe tana murzawa, na miƙa hannu biyu. Na ji ƙasa ta yi gurum a bayana. Wani abu ya gifta ta gabana kamar walƙiya, hannuwana suka rufe a kan iska. Kafin in gane, Bilal ya yi nisa da ƙwallo a hammata, yana gudu yana kururuwa, 'yan kallo sun diro daga kan motoci suna bin sa. Bai kai ƙarshen layi ba igwa ta tashi.

Muka same shi zaune a ƙasa ya riƙe gwiwar da hannu biyu yana matsa ta, yana lanƙwasawa yana miƙewa, hawaye suna wanke ƙurar fuskarsa. Ya ce, “Ta riƙe. Lawwali, ta riƙe!” Wani ɗan Yaman ya tura masa dabino a baki. Ni ko tsayuwa na kasa, a kwance Ustaz ya ba ni ruwa, ina sha ina dariya ina ƙwarewa. A filin muka yi magariba, sahu uku, Ustaz ya ja mu.

Saura kwana biyu salla muka raka shi filin jirgi, wanda a lokacin ba shi da nisa da Malaz. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya har ƙashina ya yi ƙara. Sallar ta zo mana shiru-shiru. Da yamma ta yi sai ƙafafuna su riƙa ƙaiƙayi.

Sai bayan aikin hajji wasiƙarsa ta iso. Sun ɗauke shi. Wasa biyu yana benci, a na uku aka sa shi, kuma bai sake komawa benci ba. Daga baya na ji ya ƙara shekara biyu yana bugawa kafin ya koma koyar da yara a wata makaranta. A cikin ambulan akwai hoton da ya yanko daga jarida: mutum a sama, ƙanƙara tana zuba, fuska a rufe da hular kwano, ba don lambar da ya zagaye da biro ba da ba mu gane shi ba. Na karanta musu wasiƙar a kan soro ina fassarawa. A ƙarshe ya rubuta cewa ranar gwaji manyan ƙungiyar sun tambaye shi inda ya yi horo, ya ce a Riyad, wajen wani direban tanka da wani magini, ba ci ba sha. Suka ɗauka wasa yake.

Yaya Mamman ya karɓi hoton ya daɗe yana dubawa, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Sannan ya murza kafaɗarsa ta dama ya ce, “Lawwali, ɗauko biro. Ka gaishe shi da kyau, ka gaishe da tsohuwarsa. Ka ce masa in suna neman mai jifa, iƙamata ta zaman ƙasar nan ta kusa ƙarewa.”